Yadda Ake Mayar da Hoton HEIC Zuwa JPG Ba Tare da Ya Lalace Ba

Idan shafin rajistar makaranta ko na neman aiki ya ƙi karɓar hoton da ka ɗauka da iPhone, ko kwamfutar shagon buga takardu ta kasa buɗe shi, fara duba ƙarshen sunan hoton. Mafi yawan lokuta za ka tarar an rubuta .heic a inda ake sa ran ganin .jpg. Lafiyar hoton ƙalau, na'urar ce ba ta san nau'insa ba.

Tun shekarar 2017 da Apple ya fitar da iOS 11, wayoyin iPhone 7 da waɗanda suka biyo baya suke adana hoto a matsayin HEIC. Dalilin kuwa shi ne wuri: hoton HEIC yakan ci kusan rabin abin da JPG zai ci, alhali kyansu ɗaya a ido. Shi JPG tun 1992 yake nan, babu wata kwamfuta, injin wanke hoto ko shafin intanet da bai san shi ba. HEIC kuwa ya dogara ne da wata fasahar matse bidiyo mai suna HEVC, wadda sai an biya kuɗin lasisi kafin a saka ta a na'ura. Shi ya sa masu manhajoji da yawa suka yi ta jan ƙafa a kansa.

Akwai dabarar da mutane ke yi da ba ta aiki: goge .heic daga sunan hoton a rubuta .jpg. Wannan kamar zuba manja ne a galan ɗin da aka rubuta man gyaɗa a jikinsa. Abin da ke ciki bai canja ba, shafin da ya ƙi hoton da farko zai sake ƙin sa, wani lokacin ma ya ce fayil ɗin ya lalace.

Hanya mafi sauƙi a iPhone ba ta buƙatar data ko sauke wata manhaja. Buɗe hoton a Photos, danna alamar turawa, zaɓi Save to Files, ka ajiye shi a On My iPhone. Sai ka shiga manhajar Files, ka danne hoton da yatsa har jerin zaɓi ya fito, ka shiga Quick Actions, sannan Convert Image, ka zaɓi JPEG, wato JPG. Wayar za ta tambaye ka girma: Small, Medium, Large ko Original. In wankewa za a yi, ɗauki Original. In ɗorawa za a yi a shafin da ya ƙayyade nauyi, Medium ko Small sun fi dacewa. Sabon hoton zai fito kusa da tsohon, tsohon kuma yana nan yadda yake. Wannan zaɓin yana cikin iOS 16 zuwa sama. Mai tsohuwar waya sai ya zaɓi hoton a Photos ya danna Copy Photo, ya je Files ya danne wani fili da babu komai, ya danna Paste. Hoton zai sauka a matsayin JPEG.

In hotunan suna da yawa, kamar na biki ko na kayan shago, gara a haɗa ɗan umarni a manhajar Shortcuts. Matakai uku ne: Select Photos tare da kunna Select Multiple, sai Convert Image zuwa JPEG, sai Save to Photo Album. A mataki na biyu akwai ma'aunin inganci, a bar shi wajen kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari. Kai shi ƙarshe nauyi kawai yake ƙarawa, ido ba zai ga bambanci ba. Abin lura ga mai amfani da iCloud, ma'ajiyar Apple ta intanet: in an kunna Optimize iPhone Storage, ainihin hotunan ba sa cikin wayar, sai an sauko da su kafin a juya. Hoto ɗari biyu na iya cinye ɗaruruwan MB na data, don haka a jira sai an samu Wi-Fi.

Wanda aikinsa kullum tura hoto ne zuwa kwamfutoci ko shafukan hukuma, ya magance abin daga tushe. Shiga Settings, Camera, Formats, ka sauya daga High Efficiency zuwa Most Compatible. Daga nan duk hoton da ka ɗauka JPG ne. Tsofaffin hotuna dai ba za su sauya da kansu ba, kuma wayar za ta fi saurin cika. Mai waya 64GB da ta riga ta fara kukan wuri, shawarar da ta fi ita ce ya bar ta a High Efficiency, ya riƙa juya waɗanda yake buƙata kawai. Wayoyin Samsung ma suna da irin wannan zaɓi a saitin kyamara, sunansa High efficiency pictures. In an kashe shi, hotuna sun koma JPG.

Wajen kwashe hoto zuwa kwamfuta da kebul, akwai wani saiti a Settings ƙarƙashin Photos, can ƙasa, mai suna Transfer to Mac or PC. In yana kan Automatic, wayar ce ke juya hotunan zuwa JPG a daidai lokacin da ake kwafa. Yana aiki sosai in hotunan kaɗan ne. Amma in aka haɗa dubban hotuna da manyan bidiyo, juyawar takan yi wa wayar nauyi, kwafar ta yanke a tsakiya, Windows ya ce ba ya ganin na'urar. Maganinsa a mayar da saitin Keep Originals, a cire kebul a sake sakawa, a kwashe komai yadda yake, sannan a juya a kwamfutar. Kada a bari allon wayar ya kulle ana cikin kwafa.

Windows 10 da 11 suna buɗe HEIC in an saka musu HEIF Image Extensions daga Microsoft Store, wanda kyauta ne, tare da HEVC Video Extensions. Na biyun yakan zo a cikin wasu kwamfutocin tun daga kamfani, a wasu kuwa sai an saya kusan dala ɗaya. Rashinsa ne ke sa hoton ya ƙi buɗuwa duk da an saka na farkon. Da zarar ya buɗu a Photos ko Paint, sai Save as, a zaɓi JPG. A Mac kuwa Preview ya isa: File, Export, JPEG.

Batun WhatsApp na bukatar bayani, domin nan ne ake yawan ruɗewa. Hoton da aka tura ta hanyar da aka saba yana isa a matsayin JPG, amma an matse shi an rage masa girma, shi ya sa ƙananan rubutun takardar shaida ke dishewa. In kuma aka ɗauko fayil ɗin aka tura a matsayin Document don gudun matsewa, HEIC ɗin ne zai isa yadda yake, mai shagon ya kasa buɗewa. Abin da ya dace shi ne a fara juya shi zuwa JPEG a Files, sannan a tura wannan ɗin a matsayin Document. Ɗaukar hoton allo ma ba mafita ba ce: hoton kyamara mai megafiksel 12 yana da ɗigo 4032 a tsawo da 3024 a faɗi, hoton allo kuwa iyakarsa girman fuskar wayar, ga baƙin gefe sama da ƙasa.

Shafukan intanet masu juya hoto kyauta suna aiki, amma duk abin da ka ɗora ya shiga kwamfutar wanda ba ka sani ba. Hoton takalmi ko atamfa babu damuwa. Takardar NIN, fasfo, katin banki ko hoton iyali kuwa, bai kamata su bi ta nan ba, tunda wayar da kanta tana iya aikin. Haka kuma hoton waya yakan ɗauki bayanin ranar da wurin da aka ɗauke shi, kuma juyawa zuwa JPG ba lallai ta goge shi ba. A iPhone, kafin ka tura, danna Options a saman allon turawa ka kashe Location.

Wani lokacin an juya hoton amma shafin ya sake ƙi. To a nan nauyi ne ko girma. Fom ɗin bizar Amurka, alal misali, yana neman JPEG mai tsawo da faɗi daidai wa daida, aƙalla ɗigo 600 ta kowane gefe, nauyinsa bai wuce KB 240 ba, alhali hoton waya kai tsaye yakan kai MB 2 zuwa 4. Fara yanke hoton zuwa siffar da ake so, sai ka rage yawan ɗigo, ingancin shi ne na ƙarshe da za ka taɓa. In aka fara da rage inganci, fuska takan fito da dabbare-dabbare. Wajen wankewa lissafin ɗigo 300 ne a kowane inci, wato hoto mai inci 6 da 4 yana son aƙalla 1800 da 1200.

Kada ka goge HEIC na asali bayan ka juya. JPG yana zubar da wani abu duk lokacin da aka gyara shi aka sake adanawa, motsin Live Photo da bayanin zurfin hoton Portrait kuma ba sa bin sa. Duk sanda aka nemi wani girma daban, koma kan na asalin ka fitar da sabon kwafi daga can.