Yadda zaka haɗa soson girafin na cike gurbin ƙashi a dakin gwaji

Ƴan uwa ɗaliban kimiyya na Kadpoly (kwalejin fasaha ta Kaduna) da KASU (jami'ar jihar Kaduna) masu neman furojet ku matso. Duk wanda ya taɓa fasa ƙashin miya ya san cikinsa ramuka ne kamar soso, ta nan jini ke bi, to in haɗarin mashin ya cinye wani yanki na ƙashi abin da za a cike gurbin da shi dole shima ya zama mai ramuka. Shi girafin da za mu sa a soson falle ɗaya ne tak na kabon, Geim da Novoselov suka ɓare shi daga girafayit, baƙin abin nan na cikin fensir, da salatif a Manchesta a 2004.

Fara da ƙashin saniya, mahautan Tudun Wada zasu baka a arha. Ka dafa ka cire kitse da ɓargo, ka ƙona a digiri 900 har yayi fari tas sannan ka niƙa, wannan garin shine haidiroksi-afatait, ma'adinin da ke ƙashinka. Girafin oksayid kuwa, wato girafin da aka haɗa da oksijin, don Allah ka saya, ko ka haɗa gaban malaminka, don hanyar haɗa shi ta Hummers ta 1958 tana amfani da asid mai ƙarfi da sinadarin famanganet kuma in zafi ya ƙwace maka yana iya fashewa.

Ka narkar da kaitosan, sinadarin da ake samu daga ɓawon jatan lande, a asid ɗin binega mara ƙarfi, zuba garin ƙashin, girafin oksayid ɗan kaɗan kawai kuma ka watsa shi sosai kar ya dunƙule. Zuba a mazubi ka daskarar.

Nan fa aikin yake wallahi. Ƙanƙarar da ta fito a ciki ita ke zana ramukan, in injin busar da daskararren abu ya janye ta sai gurbinta ya zauna. Ka daskarar da sauri ka samu ƙananan ramuka, a hankali kuma manya, kai kuma kana son faɗin rami aƙalla maikiromita 100 (maikiromita dubu ne milimita ɗaya), gara ma sama da 300 don jijiyoyin jini su samu hanya, kuma ramukan su buɗe ma juna. Amma in sunyi yawa soson baya ɗaukar nauyi. Ka tanadi janareta, in wuta ta ɗauke ana cikin busarwa ƙanƙarar ta narke komai ya rufta.

Daga nan ka duba ramukan da madubin lantarki mai girmama ƙananan abubuwa, ka matse soson a inji ka ga ƙarfinsa, ka jiƙa a ruwan gwaji mai kama da na jini a digiri 37 ka ga ko afatait zai tsiro a kai. Kar kowa ya kai shi jikin mutum, har yanzu bincike ne, a asibiti taitaniyom da ƙarfe mara tsatsa ake sawa.