Ka fara da taya: yadda ake karanta tsohon hoton Kumasi

Idan tsohon hoton gari ya shigo hannunka, ko na kwali daga akwatin kaka ko wanda aka turo maka a WhatsApp, kada ka fara da rubutun da ke ƙasansa. Rufe shi da yatsa. Masu turawa sukan liƙa wa hoto shekarar da ta yi musu daɗi, wani lokaci ma garin ba shi ba ne. Ni fita ne, wato makanike, a Magazin ta Suame, unguwar masu gyaran mota a Kumasi, na yi furfura, don haka ƙasa idona yake fara sauka: me ke ɗauke da kaya a nan? Kan mutum ne, ganga ce, dogo ne, ko taya?

Wannan tambayar kaɗai takan kai ka kusa da shekara. Layin dogo ya taso daga Sekondi a 1898, ya kai Tarkwa a 1901 saboda zinariya, ya ratsa Obuasi, ya shigo Kumasi a 1903. Na Accra bai iso ba sai 1923. To in ka ga kan jirgi yana tuƙa hayaƙi a Kumasi, kada wani ya ce maka zamanin yaƙin Yaa Asantewaa ne, matar da ta ja Asante suka yaƙi Turawan Ingila. Wancan a 1900 aka yi shi, jirgi bai zo ba tukuna. In kuwa ƙarti ka gani suna mirgina manyan ganguna a kan hanya, koko ne ko manja ake turawa, kafin lori ta ƙwace aikin.

Ita lori ka ba ta lokaci. Inji da shasi ake kawowa daga Turai, kafintocinmu su gina jikin da katako, su jera benci, mai fenti ya rubuta mata kirari a goshi. Buɗe hoton a waya ka duba fitilu: in suna tsaye daban a gefen inji, motar ta girmi wadda fitilunta suka shige cikin jiki. Nemi ɗan ramin nan na gaba da ake zura ƙarfe a murza inji ya tashi. Yaran da ke koyon aiki a wurina ba su yarda an taɓa tayar da mota haka ba sai da suka ga ramin a hoton wata tsohuwar Bedford.

Sai hannun da motoci ke bi. Ghana ta bar hagu ta koma dama ranar 4 ga Agusta 1974. Motoci na bin hagu, sitiyari a dama, to hoton ya riga wannan rana. Amma fa ka tabbatar da rubutun allon kanti, domin wani mai wankin hoto yakan kifa fim, komai ya fito a juye.

In ka ga tarago yana bin tsakiyar titi, wayar lantarki a samansa, dogayen bututun masaƙa suna hayaƙi a baya, wannan ba Kumasi ba ce, ko wa ya rantse. Ba mu taɓa yin taragon titi ba. Sau da yawa irin su Mancesta ne a Ingila, garin da yadinsa ya cika kasuwanninmu. Can ma dabarar ɗaya ce: dawaki suka fara jan tarago a 1877, na lantarki ya fara a 1901, na ƙarshe ya tsaya a 1949.

Da ka gama da shekara, bar tsakiyar hoton. Mai hoton, Bature ne ko ɗan mishan, ginin tasha ya nufa, ko barikin soja, ko kantin Kingsway, kuma ka riga ka san su. Mutanenmu a gefe suke, inda bai kula ba. Bi kusurwoyi huɗun nan a hankali. Za ka tarar da mai rawani zaune kan buzu, huhunan goro a jingine suna jiran jirgin Sekondi su wuce Legas ta ruwa, mace da tire a ka, yaro ya leƙo rabin fuskarsa ya fita daga hoton. Wanda ya fito tsaf yana kallonka, ce masa aka yi ya tsaya. Wanda ya fito dishi-dishi yana cikin aikinsa ne, bai jira kowa ba, kuma ni shi na fi so in kalla. Taskar hotunan Mishan na Basel tana intanet kyauta, Kumasi da Accra birjik. A can ya fi sauƙi ka saba da wannan kallon gefe. Hotunan da na'ura ta shafa wa launi kuwa, ka ji daɗinsu amma kada ka kafa hujja da su, launin rigar nan cinta aka yi.

In kati ne na gidan waya, juya bayansa. Kan sarki mai rubutun Gold Coast, tsohon sunan Ghana, na kafin 6 ga Maris 1957 ne, sai dai ranar aikawa yake nuna maka, hoton na iya girmar sa da shekaru. Farashi a allo da fam da sule kuma ya riga 1965, shekarar da sidi, kuɗin Ghana, ya fito.

Daga nan kai shi wurin dattijo a unguwar Aboabo ko Sabon Zango a Kumasi, bayan la'asar. Kada ka gaya masa abin da ka gano. Ka miƙa da hannu biyu ka ce, "Baba, ina ne nan?" ka yi shiru. Zai kama wata bishiya ko gangare da kai ba ka lura da su ba. Ka kai wa Hajiya ita ma daban, domin ɗaurin ɗankwali da zanen atamfa ita ta san zamaninsu.

Abin da suka faɗa ka rubuta a bayan hoton da fensir, har da sunan mai faɗa. Biro yana huda takarda, yana kuma fitowa ta gaba. Kada ka kai a manne shi da roba mai zafi, ba ya ɓaruwa. Ɗauki kwafinsa da waya a inuwa ba tare da walƙiya ba, ka sa na asalin a ambulan, nesa da bangon da ke jiƙa da damina.