Yadda za ka shirya kallon Green Hornet a fadarku

Matasan Yamai da yawa sun san Bruce Lee ta finafinan da ya yi a Hong Kong, amma kaɗan ne suka taɓa ganinsa sanye da baƙar hular direba da ƙyallen rufe ido a matsayin Kato. Shirin shi ne Green Hornet, wanda tashar ABC ta Amurka ta nuna daga watan Satumba na 1966 zuwa Maris na 1967, kashi 26 kacal, kuma ya cancanci a ware masa darare a fada.

Wurin nema ne ake fara yin kuskure. Idan ka je wajen mai tura fim a waya, ka faɗa masa sunan Faransanci, Le Frelon vert, sannan ka jaddada cewa na 1966 kake so, domin akwai fim na 2011 mai wannan suna wanda babu Bruce Lee a ciki. Kafin ka biya, ka buɗe kashi ɗaya ka duba: tsawonsa bai kai rabin awa ba, kuma da busar ƙaho mai sauri yake farawa.

Kafin a kunna, yayin da shayin farko ke kan gawayi, ka warware wa jama'a labarin, in ba haka ba za su rikice. Britt Reid, wanda Van Williams ya fito a matsayinsa, mai gidan jarida ne da rana, da dare kuma yakan rufe fuska ya shiga cikin miyagu kamar ɗayansu don ya tona musu asiri, shi ya sa ƴan sanda suke farautarsa. Kato ne ke tuƙa masa baƙar motar nan mai suna Black Beauty.

Shawarata ita ce kada ka fara da kashi na farko. Ka fara da wanda ake kira The Preying Mantis, inda Kato ya kara da wani gwanin kunfu, domin a nan ne ake ganin abin da aka taru dominsa. A sauran sassan shirin faɗan gajere ne ƙwarai, wani lokaci kafin mai zuba shayi ya ɗago kai an gama, saboda haka ka riƙe na'urar a hannunka, ka mayar baya, ka rage gudun hoton, ka ce a dubi ƙafarsa ta tsaye da yadda yake juya ƙugu kafin shurin ya tashi. Saurinsa ya yi wa kyamarar lokacin yawa, har sai da aka nemi ya sassauta.

Yana yi mini ciwo ganin yadda aka bar Bruce Lee da ƴan kalmomi kaɗan a bakinsa, alhali shi ne ran shirin. Ka gaya wa yara cewa a lokacin da aka fara nuna shirin shekarunsa 25, kuma mutanen Hong Kong da sunan Kato suka riƙa kiran shirin, farin jinin da ya share masa hanyar fitowa a fim ɗin The Big Boss a 1971.

Kashi biyu sun isa a dare ɗaya, kuma ka cika batirin kwamfutar tun da rana saboda ɗaukewar wuta.