Yadda Ake Haɗa Gashi da Maganin Zaburar da Garkuwar Jiki a Jinyar Dajin Ƙashi

Kafin iyali su sayar da gona ko fili domin sayen maganin zaburar da garkuwar jiki, wajibi ne su fara sanin irin dajin da ke cikin ƙashin majinyacinsu, domin a kan wannan amsar komai ya rataya. Akwai dajin da ya tsiro daga ƙashin kansa, kamar osteosarcoma da ya fi kama matasa a kusa da gwiwa, da wanda ake kira Ewing. Akwai kuma wanda ya taso daga mama ko huhu ko ƙoda ya sauka a ƙashi, kuma shi ne ya fi yawa a wurin manya. Hoto kaɗai ba ya raba gardama, sai an ɗebi ɗan yankin ƙarin an duba shi a ɗakin gwaji. Kumburin da ya ƙi sacewa, mai hana barci da dare, bai kamata a kai wa mai ɗori ya murza shi ba.

Gashin da ake nufi a nan shi ne hasken da inji ke harbawa kan ƙari, irin wanda ake yi a asibitin koyarwa na Shika da na Sakkwato da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, ba gashin ƙashi na masu motsa gaɓoɓi ba. Hikimar haɗa shi da magungunan zaburar da garkuwar jiki irin su pembrolizumab da nivolumab ita ce, idan haske ya fasa ƙwayoyin daji sai su zubar da alamominsu, sojojin jini su gane su, maganin kuma ya kwance wa sojojin dabaibayin da dajin ya ɗaura musu. Tun 1953 aka bayyana cewa wani lokaci ƙarin da ke nesa da wurin gashi yakan motse, amma hakan ba kasafai yake faruwa ba, kuma ba abin da za a gina jinya a kansa ba ne.

Idan gwaji ya nuna osteosarcoma ne, a riƙe kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin daji, da tiyata, domin wannan daji ba ya jin gashi sosai, kuma a wani bincike da aka wallafa a 2017 mutum 1 kacal cikin 22 ne ƙarinsa ya ragu da pembrolizumab, cikin masu Ewing 13 kuwa babu ko ɗaya. A ganina, duk wanda aka yi wa tayin wannan haɗin a madadin tiyata ya nemi jin ta bakin likita na biyu, sai fa idan cikin tsarin bincike aka sa shi. Inda haɗin ya fi samun gindin zama shi ne dajin huhu ko na ƙoda da ya kai ƙashi: maganin yana yaƙar cutar a duk jiki, gashin kuma yana kwantar da ciwon wuri guda, ko dai a zama ɗaya na Gy 8 (Gy shi ne ma'aunin yawan hasken), ko Gy 30 a zama 10.

Da zarar an yanke shawara, a tabbata likitan gashi da likitan magani sun tsara ranakun tare, tunda pembrolizumab ta jijiya ake ba da shi duk mako 3 ko 6. A auna hanta da ƙoda da sinadarin maƙoƙo, a bincika ciwon hanta nau'in B da tarin fuka, sannan a gaya wa likita duk abin da majinyaci yake sha, har da jiƙo da sassaƙe, musamman dexamethasone da prednisolone waɗanda yawansu ke danne garkuwar da ake son tayarwa.

Ciwon ƙashin yana iya tsananta kwana biyu ko uku bayan gashi kafin ya lafa, wannan ba abin firgita ba ne. Sabon tari da haki, ko gudawa mai yawa, ko idanu su koma rawaya, alama ce ta garkuwa ta juya kan jikin mai ita, ko da watanni sun shige bayan allurar ƙarshe, don haka a koma asibiti maimakon kyamis. Idan kuwa ƙafafu suka rasa ƙarfi ko fitsari ya fara kufcewa, a tafi a ranar, domin mai yiwuwa ƙarin ne ya danne lakar baya, kuma sa'o'i kaɗan ke raba mai tafiya da wanda zai kwanta.