Yadda Ake Gano Matsalar Eriyar Rifita Kafin a Hau Hasumiya

Idan rifitar masu rediyon sha'awa (na'urar da ke karɓar sigina ta sake watsa ta don ta kai nesa) ta fara kurumcewa, wato ana jin ta da ƙarfi amma ita ba ta jin ƙananan rediyoyin da ke kiranta, kada a yi gaggawar hawa hasumiya, domin yawancin binciken a ƙasa ake yin sa.

Rifita tana saurare tana kuma watsawa a lokaci guda ta eriya ɗaya, kuma a zangon mita 2 tazarar da ke tsakanin ɓangarorin biyu kilohaz 600 ce kawai, saboda haka ɗan aibu kaɗan ya isa ya sa muryarta ta toshe mata kunne. A cire kebul ɗin eriya daga duflesa, na'urar da ke raba ɓangarorin, a ɗaura lodin gwaji mai om 50, wato abin da ke maye gurbin eriya ba tare da sigina ta fita ba, sannan a shigar da sigina mai rauni ana kunna watsawa ana kashewa. Idan kurumtar ta ɓace, laifin yana kebul ko eriya. Idan tana nan, a nemi matsalar a ɗakin na'ura.

Daga nan sai a auna SWR, wato ma'aunin da ke nuna yawan siginar da ke dawowa daga eriya maimakon ta fita, amma kada a ba shi cikakkiyar amana. Kebul ɗin da ya sha ruwa yakan cinye siginar da ke dawowa daga sama, sai ma'auni ya nuna adadi mai kyau kamar 1.2 alhali ƙarfin yana salwanta a hanya. A ganina adadin da ya gyaru da kansa ya fi wanda ya lalace zama abin zargi, shi ya sa yake da kyau a riƙa rubuta awon kowane lokaci don a kwatanta. Ƙarar ƙaraf-ƙaraf da ke zuwa idan iska ta taso kuwa, galibi alamar sakakken noti ce, ko tsatsa a inda ƙarafa biyu suka haɗu, ko kebul mai rufin alminiyam da saƙar waya suna gogar juna, irin wanda bai dace da rifita ba tun farko.

Idan hawa ya zama dole, wanda ya sami horo ne kaɗai zai hau, kuma da mutum a ƙasa yana lura da shi, su biyun sanye da hular kwano. A duba ginshiƙin hasumiyar da wayoyin da suka ɗaure ta, a kashe duk na'urorin watsawa da ke kanta har da na wasu, kuma a fasa aikin idan hadari ya haɗo. Mai hawa ya sa ɗamarar da ta kama jiki duka mai ƙugiya biyu, kada ya cire ɗaya sai ɗayar ta kama. Eriya da kayan aiki da igiya ake jawo su, ba a goya su.

Idan an sauya mahaɗin kebul da eriya, a naɗe shi da tef ɗin roba mai manne wa kansa, a fara daga ƙasa a yi sama don kada ruwa ya sami kafa, a rufe da tef ɗin lantarki saboda rana. A maimaita awon SWR da gwajin kurumta bayan mai aikin ya sauko, tunda gwajin sai an kunna watsawa.