Inji ya ƙi tashi? Daga tanki ake farawa kafin a kwance kafireta

Injin Honda GX160 da kwaikwayonsa na China, masu jan famfon ban-ruwa a fadama da injin markaɗe da janareta, kafiretarsu, wato abin da ke haɗa fetur da iska ya tura wa inji, kusan iri ɗaya ce. Yawancin cutarta datti ne da ruwa, ba saiti ba.

Fara tabbatar da cewa mai na isowa. Buɗe makunnin mai, ka sassauta notin zubarwa na jikin kofin kafireta, ka tara farar kwalba. In ya zubo ya ɗauke, cire murfin tanki. Idan zubar ta dawo, hudar iskar murfin ce ta toshe. Sai ka ɗaga kwalbar a haske. Ruwa ya fi fetur nauyi, za ka gan shi kwance a gindi kamar ɗigon gumi. Man jarka na 'yan bunburutu ya kan zo da wannan, sai a juye tankin duka.

Cok, wato murfin da ke rage iskar da ke shiga kafireta, shi ma yana faɗin gaskiya. Injin da ke aiki sai da cok a rufe, kana buɗewa ya mutu, yunwar mai yake, galibi babban jet, wato ɗan noti mai hudar da mai ke bi, shi ne ya toshe. Wanda sautinsa ke hawa da sauka kuwa, duba ƙaramin jet, baƙar robar nan da ke ƙarƙashin sukurun silo.

Rufe mai, ka nisanci wuta da sigari. Kwance kofin da sifana 10, zare fil ɗin fulot (abin da ke yawo a kan mai cikin kofin, yana tsayar da shigowarsa in ya cika), ka ajiye allurarsa inda ba za ta ɓace ba. Zura sukundireba mai faɗin baki cikin bututun tsakiya ka warware babban jet. Siririn bututu mai hudoji a gefe zai biyo shi. Wanke su da fetur mai tsabta, ka bi kowace huda da sili ɗaya na wayar lantarki, sannan ka hura. Kada ka sa allurar ɗinki ko ƙusa. Jet ɗin tagulla ne, da hudar ta faɗaɗa shi ke nan, inji zai riƙa zuƙar mai yana baƙin hayaƙi har sai an sayi wani jet.

Baƙin hayaƙi da fulogi mai kunkunniya alamar mai ya yi yawa ne. Ko ƙurar hunturu ta cika matatar iska, ko allurar fulot ba ta rufewa. A na biyun, shinshina baƙin mai: in yana warin fetur, zubar da shi ka zuba sabo, kimanin lita 0.6. Ratar fulogi milimita 0.7 zuwa 0.8 ce.

Ƙaramar janareta mai cin gauraye, irin Tiger 950, awonta 50:1 ne, wato mililita 20 na man 2T a litar fetur. Zubawa da ka shi ke kashe fulogi.

In noman rani ya ƙare, rufe makunni ka bar injin ya shanye na cikin kofi har ya mutu da kansa, ka sassauta notin sauran ya tsiyaye. Fetur da ya yi watanni a ciki danƙo yake zama.