Yadda ake farfaɗo da tsohon otal na ginin ƙasa ba tare da an binne tarihinsa ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban babban masallacin Agadas, mai hasumiyar nan ta ƙasa da ta kai mita 27, ya ga wani gini dab da shi da ake kira Hôtel de l'Aïr. Ba don saukar baƙi aka gina shi ba. Fada ce da aka yi wa Kawsan, jagoran Abzinawan da suka yi wa Faransawa tawaye a 1916 zuwa 1917, daga baya ta zama masauki. Garuruwanmu cike suke da irin waɗannan gine-gine, wasu tsofaffin barikin Turawa, wasu gidajen fatake. Idan ɗaya ya faɗo hannunka, ta gado ko ta saye, ga yadda za ka bi da shi.

Kafin ka kira magini, nemi tsofaffi. Bango zai iya jiran ka wata uku, amma dattijon da ya yi gadi a gidan shekara talatin ba lallai ya jira ba. Je wurin mai unguwa ya haɗa ka da tsohon kuku, da mai wanki, da matar da ta daɗe tana sayar da abinci a ƙofar gidan. Ka nemi izininsu, ka naɗi muryarsu a waya. Kada ka ce "Baba, ba ni tarihin gidan nan", don zai ba ka abin da kowa ya sani. Ka kama hannunsa ku shiga ɗaki ɗaki: wa ke kwana a nan, ina rijiyar take, wace shekara aka toshe wannan ƙofa? A nan ne magana ke fitowa. In mutum biyu suka saɓa, rubuta duka biyun, kada ka yi musu alƙalanci. Sannan ka tono akwatuna da ma'ajiya: rajistar baƙi, rasitai, hotuna, tsofaffin makullai. A Najeriya akwai gidan ajiye takardun tarihi na ƙasa a Kaduna da kuma Arewa House, inda ake samun takardun zamanin Turawa.

Sai takardun mallaka. In gidan gado ne, kowane magaji ya sa hannu kafin ka kashe sisi. In kuma yana cikin jerin gine-ginen da hukuma ke karewa, kamar tsohon garin Agadas da UNESCO ta saka cikin kayan tarihin duniya a 2013, to ba a taɓa shi sai da izini.

Yanzu aikin gini. Ɗauki hoton kowane bango da kowane zane kafin a motsa komai, sannan ka hau soro, don ruwa shi ne babban abokin gabar ginin ƙasa. Mun ga yadda wani sashe na tsohon masallacin Juma'a na Zariya ya rufta a 2023, da yadda ruwan sama ya kayar da tsohon masallacin Damagaram a 2024. Duba indararo: ya toshe, ko ya gajarce har ruwa na bin bango? Duba inda ruwa ke kwanciya a kan rufi. Daga ciki kuma, ka ƙwanƙwasa azara ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta yi ƙarar fanko, gara ta cinye ta, a musanya ta da giginya mai ƙwari. Kada a cire azara da yawa lokaci guda a ɗakin da ke da baka ko ɗaurin guga, wato rufi mai lanƙwasa, sai an tokare shi tukuna.

Kuskuren da ya fi kashe irin waɗannan gidaje shi ne shafen siminti. Mai gida yana ganin ya huta da yaɓe, alhali siminti ba ya barin bangon ƙasa ya fitar da laima. Danshi ya taru a baya, tubali ya jiƙe, wata rana shafen ya ɓare gaba ɗaya ya ɗebo rabin bango. In ka tarar an riga an yi, a ɓamɓare shi a hankali cikin rani, a bar bangon ya sha iska, a cike ramuka da ƙasa irin wadda aka yi ginin da ita. Shafen da ya dace shi ne na iyayenmu: makuba, daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa da aka jiƙa, ko laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Masu iya haɗa laso sun yi ƙaranci, shi ya sa Sarkin Magina ya kamata ka fara tuntuɓa, ba ɗan kwangila ba.

Baƙo na yau yana son banɗaki da lantarki, kuma yana da gaskiya. Sai dai a gina banɗakunan dabam, a jikin sabon gini, bututun ruwa kuma ya bi ta fili inda za a ga yoyo da wuri. Wayar wuta ta bi saman bango cikin bututunta, ba a fafe tsohon zane don a ɓoye ta ba.

Tarihin da ka tara kuma kada ya kwana a waya. Zaure ne wurinsa: hotuna a jikin bango, rajistar baƙi a cikin gilashi, gajeren bayani da Hausa da Turanci ko Faransanci, tare da sunan wanda ya ba da kowane labari in ya yarda. Ranar buɗewa, dattawan nan su zauna a sahun gaba. Kuma daga kuɗin kowane ɗaki ka riƙa ware wani abu gefe, domin duk shekara kafin ruwan farko sai an hau soro an share indararo an sabunta yaɓe.